Daminar da na raba babanku da Ɗanlami

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan na ba da baya. Ana cewa Inna ce ta raba babanku da amininsa, ta ɗauke Ɗanlami ta kai shi ƙauye ta tsare, ta yi sanadin aikinsa na gwamnati. Ba ƙarya aka yi mini ba, amma an gutsure maganar, ni kuwa ba na son a ba da labarina a gutsure ina raye. Shi ya sa na zaunar da mai rubutu, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina yarinya ba a taɓa tashi an bar ni a tsakiyar labari ba.

Babanku ɗan farina ne. Ku yaran yanzu kuna ganin abin dariya ne da ba na kama sunansa, ba na zama in yi hira da shi, amma haka aka rene mu a Zariya, haka na tafi da abina Ikko lokacin da kakanku ya samu aikin tuƙi a can. Ɗanlami kuwa ɗan maƙwabciyata ne a unguwar Obalende. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, sai ya dawo cin tuwo a kwano ɗaya da babanku, tabarmarsu ɗaya, dukansu ɗaya idan sun yi ɓarna. Duk abin da kunya ta hana ni yi wa nawa, Ɗanlami na yi wa. Shi nake tsokana, shi nake duba wa kai, shi nake tambaya ko ya ƙoshi. Idan kuma ina da magana da babanku, sai in ɗaga murya in gaya wa Ɗanlami, shi yana gefe yana ji. A haka muka zauna shekara da shekaru, kuma ba a taɓa samun saƙon da ya ɓata ba.

Da suka girma, kakanku ya riga ya rasu, duk biyun suka shiga aikin gwamnati a ma'aikata ɗaya. Babanku masinja ne, an ba shi babur yana kai takardu ofis-ofis. Ɗanlami yana wajen buga takardu, kuma da yake kansa na ja, aka tura shi Ingila ya ƙaro ilimin injin. Ya yi shekara biyu ya dawo da ƙatuwar riga mai gashi da wata irin rama. Muka ce sanyin ƙasar ne ya cinye shi, na dage da yi masa miyar kuka da man shanu. Ana cikin haka aka ce gwamnati ta tashi daga Ikko ta koma Abuja. Ba rana ɗaya aka kwashe mutane ba, kashi-kashi aka yi ta yi har tsawon shekaru, mu muna cikin na baya-baya. Aka loda mu da tukwanena a bayan babbar mota, aka sauke mu a Nyanya, aka nuna wa yaran ɗaki ɗaya, ni ma na samu ɗaya a jerinsu.

Garin a lokacin bai gama zama gari ba. Sai ka bi titi mai faɗi, sumul, ka ga ya ƙare a cikin ciyawa. Kowa baƙo ne. Bayarabe, Inyamuri, mutanen Filato, mu, duk an zube mu a jeri ɗaya, Hausa ce kawai ta haɗa mu, kowa yana yin ta yadda ta zo masa. Na kafa rumfar tuwo a bakin tasha, kafin wata biyu direbobi sun san hannuna. Ranar Lahadi kuwa bayan la'asar, idan ba a ɗauke wuta ba, matan jerinmu sukan taru a ɗakin Maman Bose, domin ita kaɗai ke da bidiyo, mijinta kuma ya taɓa zuwa kwas Ingila ya dawo da kwali guda na kaset. Yawancinmu ba ma jin Turanci, ballantana irin na waɗannan mutanen da suke magana kamar suna tauna gyaɗa. To ni ce mai fassara. Ba da kunne nake yi ba, da ido nake yi. In dubi yadda mutum ya ajiye kofi, in gaya musu abin da ke ransa. In raɗa wa kowa suna, in ba shi dangi da gari. Har waɗanda suka yi boko sun fi son nawa, suna cewa na Turawan ba gishiri.

Wata Lahadi a farkon damina Maman Bose ta sa wani kaset da ba mu taɓa gani ba. Babu bindiga, babu rawa, babu mota mai gudu. Ruwa kawai ake yi a wani gari mai duhu, da samari biyu. Ɗaya yana aiki a shagon soya kifi, ɗayan kuma siriri ne, yana kwance a ɗaki yana rawar sanyi, yana zufa, yana hamma, yana susa kamar ƙwarƙwata ta kama shi. Kullum mai kifin zai tashi daga aiki ya kawo masa ɗan ƙulli a takarda, da ya yi amfani da shi sai jikinsa ya lafa, har su zauna a bakin taga suna dariya suna cin kifi. Ni kuwa na ga abin da na sani. Na ce wa mata wannan yaron iska ce ta buge shi, abokinsa ɗan halak ne, shi ke karɓo masa magani wurin mai magani. Da aka zo ƙarshe, siririn ya zo ƙofar bayan shago cikin ruwa yana bugawa, mai kifin yana ganinsa ta gilashi ya ƙi buɗewa, fim ya ƙare a haka. Na ce to kun gani, ya gaji da jinya ya ci amana. Mata suka yi ta tsine masa.

Ashe Ɗanlami yana zaune a baya, babanku yana tsaye a bakin ƙofa, sun shigo fakewa ruwa.

"Inna, yau kin saki hanya," in ji Ɗanlami. "Ba iska ba ce. Abin da yake kawo masa ɗin nan, shi ne ciwon."

Ba a taɓa gyara mini labari a gaban mutane ba. Na juya na ce, "Sannu ɗan Ingila. Kai ka yi musu wankan jego?"

Mata suka kwashe da dariya, shi ma ya yi 'yar dariya. Ya ce irin wannan fim ɗin ba manyan kamfanoni ke yin sa ba, talakawan can ne suke haɗa hannu su ɗauka a unguwarsu, da mutanen da suka san abin, shi ya sa babu ado a ciki. Yana magana yana hamma, yana susar hannu. Na duba bakin ƙofa, babanku ba ya nan. Ya fita cikin ruwan.

Na kwana da haushin an kunyata ni, ba da tunanin komai ba, wannan gaskiya ce. Sai washegari da hantsi, bayan masu karin kumallo sun watse, ga Ɗanlami a rumfata a lokacin da ya kamata yana ofis. Ya tsuguna ya ja bahon kwanuka yana wankewa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. A nan ya gaya mini, idonsa a kan kumfa. Ya ce wata hoda ce, Turawa na ce mata hirowin, mu dai daga baya hoda kawai muke cewa. A Ingila ya fara, a gidan haya, cikin kaɗaici, wani da ya nuna masa kirki ya ba shi. Shi ba allura yake yi ba kamar na fim, a kan takardar azurfa ta kwalin sigari yake ƙonawa ya shaƙi hayaƙin. Ya ce tuni ta daina yi masa daɗi, yanzu yana sha ne kawai don ƙasusuwansa su bar shi ya miƙe tsaye. Na tambaye shi a ina yake samu a garin da ko kasuwar kirki ba a gama ba. Ya ce hodar ta riga ma'aikata isowa. Na tambaye shi wa yake kawo masa nasa ƙullin, tunda na ga shi ko tasha ba ya iya zuwa idan abin ya motsa. Ya yi ta goge kwano ɗaya har ya kusa huda shi.

"Ko sigari bai taɓa sha ba, Inna," ya ce. "Ba ya iya ganina ina birgima ne. A cikin jakar takardun ofis yake sakowa."

Nan na gane babanku yake nufi. Ku tuna lokacin soja ne. Wanda aka kama da wannan abu, ko kaɗan ne, ya daɗe bai ga gida ba. Amma wallahi ba wannan ne ya fara zuwa raina ba. Wuyan Ɗanlami na kalla, yadda ya zama kamar na ɗan tsako, na san idan aka ci gaba a haka ba zai ga wata daminar ba.

"Ki raba mu," ya ce. "Ni ba zan iya ce masa kada ya kawo ba. Shi ba zai iya ce mini a'a ba. Mun gwada."

Kun ji wanda ya fara faɗin kalmar. Ba ni ba ce. Amma ni na ɗauka na aikata, ba na kuma neman a sauke mini.

Damuwata ita ce yadda zan gaya wa babanku. Ɗanlami ne bakina a wurinsa, yanzu kuma maganar a kan Ɗanlami take. Na yi kwanaki ina juya abin ina tuƙa tuwo. Ranar Lahadi na ce wa Maman Bose ta maido mana kaset ɗin mai kifi. Ta ce ai mata ba sa so, babu daɗi. Na ce ta sa. Na kuma sa Ɗanlami ya jawo abokinsa ko da ƙarfi. Da aka zauna na ce wancan makon na yi wa mai kifi ƙazafi, yau zan biya shi. Mata suka dubi juna, don ba su taɓa jin na ce na yi kuskure ba. Na ba da labarin daga farko, fuskata a kan talabijin, bayana yana ga ƙofa inda babanku yake tsaye. Na nuna musu yadda mai kifin yake kau da kai duk lokacin da ya miƙa ƙullin. Na nuna musu yadda rigar siririn take ƙara yi masa yawa daga wannan zuwa wancan zuwan. Da aka zo wurin ƙofar, na ce su bar kallon wanda ke waje, su dubi hannun na ciki, yadda ya riƙe bakin tebur har yatsunsa suka yi fari.

Na ce, "Duk kawowar da ya yi a baya, idonsa yake jin tausayi, don kada ya ga wahala. Yau ce rana ta farko da ya ji tausayin abokinsa."

Kaset yana ta juyawa. Can sai babanku ya ce, ba da ni ba, da mai ɗakin, "Maman Bose, ai ba a nuna ko ya rayu ba."

Na amsa wa talabijin. Na ce, "Ba a nuna ba. Ni ma ban sani ba. Jibi zan tafi ƙauyen Karshi da ɗana Ɗanlami, kuma ba na son jin ƙarar babur a can sai an haƙi doya."

Matan nan ba su san me ake ciki ba, amma ba wadda ta tambaya. Allah Ya saka musu.

A Karshi akwai Laraba, wadda nake sayen doya a hannunta. Da na gaya mata ina da mara lafiya mai bukatar nesa da gari, ba ta nemi dogon bayani ba. Da irin Hausarta ta ce, "Kawo shi, Inna. Ɗaki yana nan, gona ma yana nan." Gidanta yana bayan gari, sai an bar hanyar mota an taka. Na rufe rumfata na ce wa direbobi kwana kaɗan zan yi.

Ba zan ba ku labarin makon farko duka ba, don shi ma ba zai so ba. Na ga zazzaɓi iri-iri a rayuwata, ban ga irin wannan ba. Amai, gudawa, kuka, ya ce tururuwa na tafiya a cikin ƙashinsa. Ya zage ni da bakin da na ciyar, ya dawo ya kama ƙafata yana roƙon gafara, ya sake zagina. A kwana na uku na tsorata, na ga abin ya fi ƙarfin kunu da addu'a, Laraba ta nemo wani malamin asibiti ya zo ya ɗaura masa ruwa, ya yi mini faɗa sosai, ya ce da na ƙara kwana da na kashe shi da ƙauna. Ya yi gaskiya. Idan Allah Ya jarrabce ku da irin wannan, ku fara da asibiti, kada ku yi taurin kaina. Bayan nan jikin ya fara dawowa. Ya fara cin fate, ya fara bin Laraba gona yana riƙe mata kwando, tana yi masa dariya wai hannun ɗan ofis.

Babanku kuwa shiru. Nakan dafa dambu in ba direban da ke zuwa Nyanya ranar kasuwa ya kai masa, kwanon ya dawo mini yadda na ɗaure shi. Ofis suka gaji da jiran Ɗanlami suka cire sunansa. Rumfata ma wata ta kafa tukunyarta a wurin, ban sake samun bakin tashar nan ba har na bar sana'a.

A wata na biyu, ranar kasuwar Karshi, na dawo daga cefane na tarar ba Ɗanlami. Ya bi motar doya. Abin da ya faru a can daga baya na ji, daga bakinsa. Ya sauka a Mararaba ya taka zuwa Nyanya, ya samu babanku ya dawo cin abincin rana. Ya ce masa sau ɗaya kawai, na ban kwana, daga shi ba zai ƙara ba. Ya tuna masa Obalende, ya tuna masa kwanon da suka ci tare, ya yi kuka. Babanku ya tayar da babur ya ce ya hau. Ɗanlami ya hau da murna, yana zaton wurin masu hoda za su. Sai da suka wuce mahaɗar ya ga an miƙe hanyar Karshi. Ya ce ya yi ta dukan bayan babanku da hannu biyu, yana kiransa maci amana, yana cewa zai diro. Babanku ya kama hannunsa ɗaya ya manne a cikinsa, ya tuƙa da ɗaya, a kan hanyar nan mai laka da ramuka.

Ina tsaye a bakin 'yar hanyar gidan Laraba na ji ƙarar babur ɗin da na hana. Ya tsaya nesa kaɗan. Ɗanlami ya sauko ya zube a ciyawa. Babanku ya dube ni, ni ma na dube shi, ina jin rabon da mu haɗa ido haka tun yana goye. Leɓensa a fashe, rigar ofis duk laka. Ya juya babur ya tafi. Ko ruwa bai sha ba.

Daga ranar Ɗanlami bai sake gudu ba, amma ya daina ambaton sunan abokinsa, ni kuma wannan ya fi gudun tsorata ni. Na ce a raina na ceci mutum ɗaya na kashe abota, kuma ban san ko su biyun za su yafe mini ba. Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Har ya yi furfura yana gaya mini cewa abin yakan taso masa haka kawai, ko ƙanshin ashana ya ji, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona har ya wuce. Amma bai koma ba.

Da ruwa ya ɗauke aka fara haƙar doya, na aika direba ya gaya wa babanku an haƙa. Mako ya wuce bai zo ba. Na biyu ma haka. Ranar wata Asabar da hantsi muna gona, ni da Laraba muna tara doya a gindin ɗorawa, Ɗanlami yana tsakanin kunyoyin doya da fartanya, sai ga babanku a ƙafa, ya bar babur a bakin hanya. Ya gaida Laraba, ya rusuna ya gaishe ni, na amsa ina kallon doya. Ya nufi Ɗanlami. Saura 'yan taku tsakaninsu Ɗanlami ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Juye aljihunka."

Babanku ya tsaya. Ya zaro makullin babur, da carbi, da rabin goro, ya jawo aljihun waje.

"Ɗayan."

Ya juye ɗayan. Babu komai.

Ɗanlami ya daɗe yana kallon aljihunan nan biyu suna reto. Sannan ya share fuska da gefen riga ya ce, "Ka zo duba mara lafiya ko lemo babu. Wane irin aboki ne kai?"

"Irin wanda ka samu," in ji babanku.

Ya cire takalmin ofis ya ajiye a kan kunya, ya naɗe wando, ya karɓi fartanyar. Doyar farko da ya sara ya raba ta biyu. Ɗanlami ya ce wa Laraba ta zo ta ga ɓarnar da masinjan gwamnati yake yi mata, babanku ya ce ai ƙasar ce ba ta da kyau. Na ɗauki kwandona na koma can ƙarshen gona, inda ba za su ga fuskata ba, ina jiyo su suna musu har rana ta take.